Garwashi a Ƙahon Gilashi

A Wulari ba wanda ke kirana mai sassaƙa. "Mai kwalba" ake ce mini, kamar ni ne mai tura kura yana sayen tsofaffin kwalabe. Ka yi ta bayani cewa narka gilashi kake yi a murhu, ka hura shi ta bututun ƙarfe ka fitar da siffa, sai mutum ya gyaɗa kai ya ce, "To, tagar ɗakina ta fashe, yaushe za ka zo?" Haba jama'a!

Na waje ba su dame ni kamar Baba ba. Makiyayi ne a da, kafin zama ya gagara a bakin tafki ya shigo gari ya koma dillancin shanu. A wurinsa sana'a ita ce abin da za ka ɗaura wa igiya ka ja. Shekara da shekaru ina wannan aiki, tun ina ƙona yatsu har hannuna ya yi kanta, bai taɓa leƙa rumfata ba. In aka tambaye shi me ɗansa ke yi, sai ya ce, "Yana nan dai." Wallahi gara zagi da wannan "yana nan dai".

Shi ya sa na ƙudura sai na yi abin da zai tsaya ya kalla. Ba ya gajiya da labarin shanun kuri da ya bari, masu kumburarren ƙaho kamar tulu. Na ce ƙahon nan zan yi masa, tun da cikakkiyar saniya ba za ta shiga gidanmu ba, sai a ce na kawo gunki. Na kuwa sha wuya. Gas ya ƙare mini ana tsakar aiki, wani ya tsage don ya huce da sauri, wani ya fito kamar ƙwaryar nono. Gilashi ba ya son gaggawa, zafi da sanyi duk a hankali yake karɓarsu. Sai bayan damina na dace da guda ɗaya, launin zuma, rana na ratsa shi.

Da hantsi, Baba yana kasuwar shanu, na kai shi falonsa na kafa a kan katako, bakinsa a sama. Na tafi wanka ina ta shirya abin da zan faɗa masa.

Ashe Goggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Khaddamari. Turaren wuta ne sana'arta, kuma 'yar Barno ba ta shiga ɗaki ta bar shi ba ƙamshi. Ta ga abu mai buɗaɗɗen baki, ta ce ga kasko. Ta ɗebo garwashi ja wur ta juye a ciki, ta barbaɗa turare.

Ina shigowa ƙamshi ya tarbe ni, sai na ji ƙas! Ƙahon ya dare biyu, ya faɗo ƙasa ya tarwatse.

"Kai ɗan nan, kaskon naka ba shi da ƙwari," in ji ta. "Na yumɓu ma ya fi shi."

"Goggo, ba kasko ba ne! Ƙaho ne!"

"To ƙaho ya wangale baki haka, me zai riƙe in ba wuta ba? Ni gani na yi ya yi kyau, na ce bari in girmama shi."

Ya zan yi? Ba a ɗaga wa goggo murya. Na haɗiye, raina ya gama ɓaci.

Ana haka Baba ya yi sallama. Ya dubi guntattakin gilashin a kan tabarma, ya tsuguna ya ɗauki guda ɗaya. Ya ɗaga shi wajen haske, ya juya shi, ya shafa gefensa da babban yatsa. Na ce a raina ya gane.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Yana da kaifi," ya ce. "Kada a zubar. Gobe a kira magini ya dasa su a kan katangar baya, inda ɓarayi ke haurowa."

Suna can har yau, siminti ya riƙe su. Cikin duk abin da na yi a rayuwata, su kaɗai Baba yake nuna wa baƙi.