Badaru Tela da Ɗiyar Gero

Badaru Tela bai taɓa riƙe fartanya ba sai da ya haura arba'in. Mahaifinsa baduku ne daga Zariya, ya zo Lafia cin rani ya manta hanyar gida, ya bar wa ɗansa gadon allura da dogon bayani. Shagon Badaru yana bakin kasuwa, keken ɗinki ɗaya, rediyo ɗaya, kuma rediyon ya fi keken shan aiki. In ka kai masa yadi da azumi, ka sa rai da babbar salla. Amma kafin ka fita za ka ji abin da ya hana ƙasar nan ci gaba, kyauta.

Shekarar da gwamnatin soja ta ce kowa ya koma gona, Badaru ya ji a rediyo, ya ɗauka da shi ake. Ya tafi Kwandere wurin Baba Nababa, wani dattijo mai filaye, ya roƙi aron gona. Aka ba shi wata mai kyau a gefen rafi. Aro a wurinsu ba takarda, ba dangwala yatsa. Muddin kana noma, taka ce har ɗanka ya gada. Da kaka ka kai wa mai ƙasa dami ɗaya ko ƴan doya, don kada a manta mai ita. Ranar da ka bari ciyawa ta rufe ta, ta koma inda ta fito.

Doyarsa ta farko, matarsa Dijatu ta juya ta a hannu ta ce ba sai an fere ba, a haɗiye da ruwa kamar ƙwayar magani. Duk da haka gonar nan ita ce abu ɗaya da Badaru ya mallaka wanda ba ya shiga aljihu. Saboda ita yake cewa "mu manoma" a majalisa, saboda ita ya sayi bijimai biyu ya ɗaure a bayan gida.

A shekara ta shida wani malamin gona mai suna Aloysius ya kawo wandon kaki a rage masa ƙugu. Yana jira yana zuba Hausarsa ta kasuwa.

"Oga Badaru, akwai wani sabon ciyawa da aka haɗa. Baban shi gero, maman shi ciyawan giwa. Za ka dasa karan shi kaman rake. In ya kai ƙugu ka yanka ka ba shanu, zai sake fita. Kar ka bari ya tsufa. Kuma ba ya haifuwa, kaman alfadari ne."

Badaru ya ji "gero". Sauran maganar ta wuce ta saman kansa, domin ya riga ya fara tsara yadda zai ba da labarin a majalisa.

Ya dasa gonar kaf, ko kunya ɗaya bai bar wa dawa ba. Mutanen Kwandere, waɗanda tun kakanninsu suke yaƙi da ciyawa, suka riƙa tsayawa a hanya da garma a kafaɗa suna kallon mutum ya yi mata kunya, ya bi ta da taki, yana cire wata ciyawar don kada ta dame ta. Amma a faɗi gaskiya, abar ta yi. Yana yanka tana tohowa, bijiman suka yi sumul har tozo yana rawa. Da Badaru mai yin shiru ne, da yanzu wani labarin ake bayarwa.

Kaka ta yi. Ya ɗaure dami na gani na faɗa, ya kai gidan Baba Nababa, ranar da tsohon yake da baƙi daga Ashige. Masu aro sun jera doya da dawa a ƙofar zaure. Badaru ya dire nasa a tsakiya, kore shar.

Baba Nababa ya dube shi, ya dubi baƙinsa.

"Tela, wannan na jinka ne ko na shimfiɗa?"

"Amfanin gona ne, Baba."

"To. Tuwo ake yi da shi, ko fate?"

Baƙi suka sunkuyar da kai, kafaɗu na motsi. Tsohon ya gyara zama, ya ce kowa ya san hukuncin gonar da ciyawa ta rufe, kuma ga mai aro da kansa ya ɗauko shaida a ka ya kawo.

"Baba, wannan ba irin ciyawarku ba ce ta Allah-ba-ku-mu-samu," in ji Badaru. "Masana ne suka haɗa ta. Ɗiyar gero ce."

"Madalla. Ɗiyar gero ai ba ta ƙin halin ubanta. Baɗi war haka ka kawo mini ƙwayarta, cikin tafin hannu ɗaya. In ta yi, gona taka ce har jikoki. In ba ta yi ba, mu karɓi abinmu."

"Tafin hannu? Mudu zan kawo."

A gida Dijatu ta saurare shi har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Malam, rake yana da ƙwaya?"

"Me ya kawo rake?"

"Rogo fa? Su da suke dasa rogo tun kafin a haife ka, da ka ce musu dasawa ake yi, wa zai ja da kai? Koma gobe ka faɗa."

"In koma in lashe amaina a gaban baƙin Ashige?"

"To tambayi mai wandon kaki."

An riga an mayar da Aloysius Shendam. Shendam ba Makka ba ce, mota tana zuwa kullum, amma tambaya tana nufin mutum bai sani ba, kuma Badaru bai taɓa kamuwa da wannan cutar ba.

Da damina ta sauka sai ya kafa doka: ba wanda zai sa wa ciyawar lauje, domin abin da ake yankewa ba ya fitar da kai. Ciyawa ta kai ƙugu, ta wuce kai, ta wuce tsayin ɗaki. Gafiyoyi suka tare a ciki da iyalansu. A bayan gida kuwa bijimai suna lasar dusa suna kallon bango, har yaro mai koyon ƙirga zai iya karatu da haƙarƙarinsu. Ɗaya dai mahauci ya zo ya ja shi tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Badaru ya ce sadaukarwa ce, duk wani babban bincike da haka yake farawa.

Ƙarshen damina sai ga kawuna sun fito, dogaye, masu gashi, sak zangarniyar gero in ka tsaya daga nesa. Badaru ya ɗinka wa kansa sabuwar riga, rigar farko a tarihin shagon da ta fito a kan lokaci. Ya gayyato Baba Nababa da dattawan unguwa har bakin gona, ya lanƙwaso kara, ya karyo kai mafi girma ya miƙa da hannu biyu.

Tsohon ya murza a tafin hannu. Ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage fes kamar an wanke. Ya karɓi na biyu, ya murza, ya hura. Badaru ya kutsa cikin gonar yana karyowa, ganye yana yankar masa hannu, sabuwar riga tana kamawa da ƙaiƙayi. Wajen na ashirin Baba Nababa ya goge hannu a gefen zaninsa.

"A fuska kam ta biyo uban," in ji shi.

A nan ne Badaru ya tuna da rake. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai, har da rogo, har da alfadari.

"Gaskiyarka, Tela. Da bara ka faɗi haka, da na yarda, don ni ma ina dasa rake. Amma mudu ka ce, kuma a gaban mutane."

Aka ba shi kwana bakwai ya kwashe abin da ya shuka. Ya yanko kaya guda ya kai wa bijimin da ya rage. Karan ya riga ya zama gora. Bijimin ya sunsuna, ya dubi Badaru, ya koma kallon bangonsa.

Gona ta koma hannun Mahmuda, ɗan Baba Nababa. Ya tone rabi ya yi doya, saiwar ta gajiyar da shi, ya bar sauran. Don kada ciyawar ta rufe masa hanya, da ta kai ƙugu sai ya sare ya watsa wa tumaki. Bai taɓa jin sunan Aloysius ba, amma ragunansa suka zama abin nuni a kasuwar Lafia.

Badaru ya koma kan keke da rediyo, ya daina cewa "mu manoma", ya koma "mu da muka kawo ilmin kiwo garin nan". Shekarar da Lafia ta zama babban birnin jiha, gemu ya yi fari, ya sayi ɗan rago, Dijatu ta ce ko ya nemo masa abinci ko ya mayar. Ya tafi Kwandere ya roƙi ƴan kararen ciyawar nan ya dasa a bayan gida. Mahmuda ya karɓe shi da girmamawa, ya saro masa guda goma sha biyu.

"Baba Tela, ka san yadda ake dasa ta kuwa? A karkace ake sokawa, gaɓa biyu a ƙasa. Kuma kada ka bari ta tsufa, dabba ba ta ci. Tsaya in nuna maka."

Badaru ya buɗe baki, ya rufe. Ya tattare rigarsa ya tsuguna, aka nuna masa.