Jirgin da Ke Amsa wa Maigandi

Maigandi mai fito ne a mashigin Dundaye, kuma duk wanda ya shiga jirginsa ya san ba a hira. Mahauta masu ƙetarar da awaki zuwa Ƙofar Kware kan ce gara ka yi zance da gorarsa.

Gorar nan kuwa ba tuƙi kaɗai take yi ba. Yakan tsoma ta cikin ruwa, ya kara kunne a kanta, ya ƙwanƙwasa gindin jirgi da guntun ƙarfe. Amon ya nutsa, ya bugi abin da ke ƙasa, ya dawo. Taɓo yakan haɗiye shi, dutse ya maido shi da kaifi, kututture ya amsa a dushe. Da haka ya gano wa mutane tukwane da sirdi, har da dutsen niƙan wata amarya. Nasa ne dai ya gagara.

Daminar shekarar da Nasara suka shiga Sakkwato, aka tilasta wa ƙanensa Hayatu ƙetarar da kayan bariki, gulbi na cike maƙil. Jirgin Hayatu ya nutse da shi; ba a ga gawa ba, ba a ga jirgin ba. Kowa yana da kabarin da zai tsaya ya yi wa nasa addu'a, ban da Maigandi, wanda Hayatu kaɗai ya rage masa a duniya. Maigandi ne ya sassaƙa jirgin nan da hannunsa daga itacen maɗaci, ya kuma san muryar jirgin.

Shekaru suka tura, kunne ya fara mutuwa. Sai ya koma cizon kan gorar, yana jin amon ta haƙora. Mutane suka samu abin dariya, ni kuwa da nake yawan shiga jirginsa tausayi ya ba ni.

Mani mahauci ya taɓa tambayarsa, "Baba, mi kaka biɗa cikin ruwan ga har yanzu?"

Ya ce, "Wurin tsayawa nika biɗa."

Wani hantsi, ƙasa da mashigi inda ruwa ke juyawa, maɗaci ya amsa. Ya sake bugawa, ya sake amsawa. Maigandi ya kafa gora, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ya daɗe yana riƙe da ita, ya yi kuka son ransa. Bai gaya wa kowa ba, don babu wanda zai gaya wa.

Daga baya ya kurumce gaba ɗaya, ko sallama ba ya ji. Amma kullum da safe sai ya tuƙa zuwa wurin, ya ciji gora, ya ƙwanƙwasa, ya jira a amsa masa.