Sarakuna Uku da Na Ƙara wa Kaka

A garinmu Gidan Sori, idan an gama kai hatsi rumbu sanyi ya shigo, Kaka, mahaifiyar babana, takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Yawanci tatsuniya take mana. Amma akwai ranar da za ta zubo wake a faifai, ta ce yau sarakunan Gobir za a ƙirga, kowa ya gyara zama.

Kowane sarki ƙwayar wake ɗaya. Ta kira sunansa, ta tura ƙwayar gefe, ta faɗi abin da ta ji a kansa: wannan ya taso da jama'a daga Abzin, wancan ya yi shekara bakwai ko wata bakwai, magabata ba su daidaita ba. Akwai wa da ƙane da ba ta taɓa yanke wanda ya riga hawa ba. A wurare uku kuwa tsakuwa take ajiyewa maimakon wake.

"Nan akwai mutum," takan ce, "amma sunansa bai iso gare ni ba. Allah ya san shi."

Shekarar da muka samu 'yancin kai ina lakol, wato makarantar boko. Mushe, malaminmu, ya ce haddar sarakunan Faransa ta isa, kowa ya rubuto na ƙasarsu. Na zauna gaban Kaka da takarda. Da muka iso tsakuwa sai kunya ta kama ni, don na littafin Mushe a jere suke, babu giɓi. Na sa sunan mai jakin unguwarmu, na sa na wani mahauci, na ƙaga na uku, na raba musu shekaru. Ta ga alƙalami na tafiya inda ta yi shiru.

"Angona, mi kake rubutawa?"

Na ce ado nake wa takardar. Ta yarda.

Mushe ya yaba, ya sa 'yan aji suka kwafe, daga nan abu ya bi hannu. Bara wani jikana ya karanto mini jerin daga lakol, na ji mahaucin nan ya yi mulki shekara tara.

Sai a ranar na gane cewa tsohuwar nan amana biyu ta ba mu: abin da ta sani, da inda saninta ya tsaya. Ta biyun na ci. Na karɓi takardar yaron in gyara. Na soke mai jaki, na soke mahauci. Na ukun, na bi jerin sau biyar ban gane shi ba. Ya saje da na gaskiya, wadda za ta nuna mini shi kuma ta daɗe a kushewa. Allah ya yafe mini.