Hannun Melquíades Mai Aski

A duk garin Torreón babu mai cika baki irin Melquíades Barrón, mai aski a bayan kasuwa. Kafin almakashinsa ya taɓa kanka, ka riga ka ji yadda shi da abokinsa Nabor suka riƙe kambun kokawar bibbiyu na yankin shekara da shekaru. Ɗamarar kambun tana rataye a saman madubi, kullum sai ya goge ta.

Sauran labarin kuwa ba ya faɗa, amma kowa ya sani. A wannan kokawa, wanda ya jigata a fage yakan taɓa hannun abokinsa da ke bayan igiya, su yi canji. To, duk sanda Nabor ya rarrafo jina-jina yana miƙo hannu, sai gogan naka ya juya yana zagin 'yan kallo, ko ya duƙa ɗaurin takalmi. Nabor ya sha dukan mutum biyu har gwiwoyinsa suka tashi aiki. Melquíades ya sha hotuna, ko gashin bakinsa bai karkace ba.

Ranar jana'izar Nabor, Melquíades ya iso sanye da ɗamarar, yana share hawayen da babu su. Da aka zo ɗaukar akwatin gawa, ya kutsa gaba, ya miƙa hannu.

Doña Eduviges, matar mamacin, ta doke hannun.

"A'a, compadre, aminin maigida, ashe kana da shi?" in ji ta. "Mayar da abinka aljihu. Mai nemansa ya gaji da jira."