Ranar da Aka Ja Motar Kawu Ilu

Shekara ashirin da bakwai Kawu Ilu ya yi yana jigilar kifi da tumatir daga Zobe zuwa Kurfi, a tsohuwar a-kori-kura mai giyar hannu. Sau ɗaya tak aka taɓa kwance giyar nan. A tasha kullum cewa yake otomatik motar 'yan birni ce, ba ta jure yashi, ba ta jure lodi.

Sai hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Hannu ya dawo, baki ya dawo, ƙafa ta ƙi. Ita ce kuwa mai taka kuloci. Wata bakwai yana zaune a ƙofar gida, ba ya tambayar kowa komai.

Ƙanensa Mahmuda, mai sayar da hatsi a Dutsin-Ma, ya sayar da tsohuwar, ya kawo masa otomatik.

"Yaya, wannan ƙafa ɗaya ta ishe ta. Sai dai ka rage zaginta, kada ta ji."

Ilu bai yi dariya ba. Ya karɓi makulli, ya koma hanya.

Bayan wata uku ya tsaya sallar azahar kusa da Birchi, mota ta ƙi tashi. Manoma suka ajiye fartanya suka zo turi, yadda suka saba yi masa a da. Suka tura har suka jiƙe da gumi, ko tari ba ta yi ba, don otomatik ba ta tashi da turi. Ga kifi a baya, ga rana. Wani mai tifa ya ɗaura mata igiya, ya ja ta har Dutsin-Ma, Ilu na riƙe da sitiyari.

A gareji, Yero bakanike ya zaro ma'aunin man giya, ya sansana.

"Malam Ilu, da ma batir ne fa kawai ya hana ta tashi. Irin wannan ba a janta tayoyi a ƙasa. Yanzu kam giyar ta ƙone."

Ilu ya ce to.

Mahmuda ya iso yana cewa za a nemo wata giyar a Kano, kwana uku ne. Ilu ya miƙa masa makullin, ya ce ya bari. Ya sa aka raba kifin ga mutanen gareji tun bai lalace ba, ya hau motar haya, kujerar baya.

Da ya shiga gida, matarsa Rekiya ta tambaye shi ina motar. Ya ce tana can. Ya nemi ruwan alwala. Bai ƙara tuƙi ba har ya rasu.