'Yar Farar Fitilar da Ke Gefen Kwamfutar Ƙanena

Shekarun baya, a shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, gidanmu na Shagari Low Cost a Yola ya cika da mutane har kan baranda. Wasu dangin mijina ne, wasu kuma har yau ban san ta inda muka haɗa dangi ba. Tuwo nake tuƙawa a tukunyar da ba a ɗora ta sai ranar suna. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana tare da mu tun rasuwar mahaifinmu, amma ita ba ta cin abincin. Kusa da ƙofa take zama, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Ƙanena, autanta, yana karatu a Mubi, kuma wayarsa ta daina shiga.

Wanda ya shigo a maimakonsa abokinsa ne da suke ɗaki ɗaya, wani Kirista ɗan Numan, ƙafafunsa a kumbure. Yana rungume da wata baƙar jakar goyo da na gane tun daga nesa, don ni na ɗinke mata hannu da jan zare, ƙanena yana ta mita wai na mayar masa da jaka ta 'yan firamare.

Ya durƙusa gaban Dada, sai ya juyo wajena, ya kira ni Adda, wato yaya, kamar yadda ƙanena yake kirana.

"Adda, tare muka fito. Mun kai bakin titi sai ya tuna da tsohuwar da muke haya a gidanta, ba ta iya tafiya. Ya miƙo mini jakar ya ce in riƙe masa, yanzu zai dawo. Na jira shi, Allah ya sani na jira. Da harbi ya matso aka ture ni cikin mota."

Dada ta dafa kansa ta ce a ba shi ruwa.

A cikin jakar babu komai sai riga ɗaya da laftof ɗinsa. Ni ban taɓa sa mata hannu ba. Na gama sakandare, amma kwamfutar makarantarmu a lulluɓe take da ƙyalle, ta taga muke ganinta. Ina ƙoƙarin mayar da ita cikin jaka Dada ta riƙe mini hannu.

"Mene ne wannan yake ƙyaftawa?"

A gefenta akwai wata 'yar farar fitila, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta haska a hankali, ta dushe a hankali, ta sake haskawa. Abokinsa ya ce ƙanena yana cikin aiki a kanta aka fara harbi, bai tsaya kashewa ba, rufe ta kawai ya yi. Ya ce barci take yi, ba ta mutu ba. Amma cajar tana can jikin bango a Mubi, kuma idan batir ya ƙare shi ke nan.

Dada ta daɗe tana kallon fitilar. Sannan ta ce, "Kamar numfashi." Ta dube ni. "Kar ki bari ta mutu."

To, ni da gaggawa. Na ɗauko cajar tsohuwar wayata mai siririn baki, na zagaya gefen kwamfutar ina neman kafar da za ta shiga. Kafofin sun fi ƙarfina: wasu shafaffu, wata mai faɗi kamar bakin kwaɗo, wata murabba'i. Na samu wata 'yar zagayayya na cusa, ta shiga tana lilo, na zauna ina jira kamar wadda ta ɗora girki. Babu abin da ya faru.

Haka maƙwabciyarmu ta same ni. 'Yar ƙabilar Ibo ce, an haife ta a Jimeta, ita da mijinta suna da shagon kayan waya da kwamfuta a kasuwa. Madam muke ce mata. Miya ta kawo wa baƙinmu, ta ajiye kwanon ta riƙe haɓa.

"Hajiya, me kake yi haka? Wannan ramin kunne ne, na jin waƙa. Kana ba shi abinci ta kunne."

Ita kowa "kai" ne a bakinta, har Dada. Rabon da a yi dariya a gidan an kwana biyu, ranar sai da wata baƙuwa ta ƙyalƙyale, ni ma na yi, hawaye na zuba.

Da ta ji labarin, Madam ta miƙe. Ta hau keke Napep ta koma kasuwa, ta dawo da leda cike da caja iri-iri. Ta zauna a kan tabarma tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowace tana karanta ƙananan rubutun bayanta, don ta ce ko baki ya shiga, idan ƙarfin wutar bai dace ba ƙona ta zai yi. Can wata ta zauna daram a kafar da ke can ƙarshe kusa da mahaɗar murfin. Nan take wata fitila ta biyu ta kama, ruwan goro.

"Ka gani? Wannan ja-ja ɗin, yana cin abinci. In ya koma fari, ya ƙoshi. In ka gan shi yana ƙifta ido da sauri, yunwa ne, ka gudu ka nemo wuta. Wancan ɗaya mai numfashi, shi ne barci."

Ta bi sauran kafofin ta nuna mini. Shafaffun nan na filas ne da linzami. Mai faɗin ta haɗawa da talabijin ce. Murabba'in ta igiyar intanet ce irin ta ofis. Akwai ma wata ƙarama da ba ta komai ba ce sai ta ɗaure kwamfutar da kwaɗo saboda ɓarayi. Ta juya ta ta nuna mini ramukan shan iska, ta ce kar in ɗora ta a kan katifa, kar in naɗe ta a bargo. Ta ja kunnena a kan maɓallin da ke ciki, saman haruffa, mai zanen da'ira da ɗan layi: idan aka danne shi aka daɗe, komai zai mutu, abin da ya bari a buɗe ya tafi.

Daga ranar na samu sabon aiki. Wutar unguwarmu kun san halinta. Idan aka ɗauke aka daɗe, sai in sa kwamfutar a faranti in rufa mata mayafi mara nauyi in tsallaka gidan Madam, inda ake ta da janareto. Yaran unguwa sun zata abincin biki nake rabawa. Idan na yi sallama mijinta yakan ce, "An kawo majinyacinmu," ya zare cajar wayarsa ya ba mu wuri. Ranar Lahadi kafin su tafi coci sai Madam ta leƙo ta taga: "Hajiya, ya ƙoshi?"

A ɗakin Dada take zama, a kan wani ɗan tebur daura da sallayarta. Ba ta taɓa yarda an buɗe murfin ba. In ta idar da salla sai ta juya ta dube ta, ta ci gaba da jan carbi. A lokacin ne ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan.

Mijina mutum ne mai kiyaye addini, abin ya dame shi. Wata rana bayan la'asar ya zauna daga bakin ƙofarta ya ce, cikin ladabi, "Dada, ina tsoron kar abin nan ya zama camfi. Wutar lantarki ce kawai. Rai yana hannun Allah."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Ban haukace ba. Ban ce ita ke riƙe da ransa ba." Ta gyara carbinta. "Shi ya rufe ta da hannunsa. Yadda ya bar ta haka take. Ya ce a riƙe masa, yanzu zai dawo. To riƙewa nake yi."

Bai sake ta da maganar ba. Washegari ma shi ya sayo mana doguwar igiyar wuta.

Da hanya ta buɗe, mijina da Bappa, ƙanen mahaifinmu, suka tafi Mubi. Sun duba asibiti, sun duba sansanonin 'yan gudun hijira, sun tambayi duk wanda zai tambayu. Sun samu tsohuwar nan da rai a wajen jikokinta. Ta ce goya ta ya yi har bakin titi, ya ɗora ta a bayan wata motar ɗaukar kaya, babu sauran wuri, ya ce zai biyo a ƙafa. Wani kuma ya ce ya ga mai irin rigarsa ya faɗi kusa da gada, amma bai tsaya ya duba ba. Iyakar abin da muka samu ke nan, har yau.

Bappa ya ce a yi masa sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da ba a samu gawarsa ba, a zauna a karɓi gaisuwa, zukata su huta. Ya faɗa sau ɗaya, ya sake faɗa bayan wata biyu ko uku. Dada ba ta taɓa ce masa a'a ba. Kallon teburin kawai take yi, shi kuma sai ya ɗauki hularsa. Mutane suna zuwa ba su san me za su ce mana ba, ko "Allah ya ji ƙansa" ko "Allah ya bayyana shi." Ni kaina a sujada na rasa wacce zan roƙa, sai in haɗa duka biyun.

Haka muka shiga zafin Yola, baƙinmu suka watse, damina ta zo. Sai na lura fitilar ruwan goron ba ta komawa fara kamar da, kuma da an zare caja ba a jimawa take fara ƙifta ido da sauri. Na kira Madam. Ta shafa ƙasan kwamfutar, ta ɓata fuska. A tsakar gida ta so ta gaya mini, amma Dada ta ce a faɗa a gabanta.

"Mama, sori. Batir ya gaji, ya fara kumbura. Ba a yi shi don ya yi barci haka ba. In za a sa sabo, dole a kashe shi tukuna. In ba a sa ba, wata rana za su ɗauke wuta, kafin Hajiya ya kai gidana ya mutu a hanya."

Dada ta ce, "Ko ta wace hanya dai sai ta mutu ke nan."

"E, Mama."

Washegari da hantsi na ga ta yi alwala ba lokacin salla ba, ta sa farin mayafinta, ta ce in kira mata Madam. Da muka zauna ta ce, "Ba masu ɗauke wuta ne za su kashe mini ita a kan titi ba. Ku buɗe."

Ni na ɗaga murfin. Fankar ciki ta yi wani ɗan huci, gilashin ya kawo haske. Babu komai a kai sai hoton wani tsauni da ɗan akwatin da ake rubuta kalmar sirri. Ba wanda ya san ta a cikinmu. Duk watannin nan ina yawo da faranti, abin da muke tsaro ba za mu ma iya ganinsa ba. Madam ta ce mijinta ya san mai iya buɗewa. Dada ta girgiza kai: "Nasa ne."

Ta nuna wani ɗan baƙin ɗigo a saman gilashin ta tambaya. Madam ta ce kyamara ce. Sai Dada ta ja mayafinta ta gyara zama, kamar za ta yi baƙo. Ta daɗe tana kallon haruffan, inda wasu suka goge saboda yatsunsa.

"Ina wurin kashewar?"

Madam ta kama yatsanta ta ɗora a kan maɓallin. "Ka danna, Mama, kar ka saki."

Ta danna. Ta faɗi da Fillanci abin da take gaya masa yana yaro in ta shimfiɗe shi, cewa ya kwanta lafiya, Allah ya tashe mu. Gilashin ya yi baƙi, fankar ta yi shiru. Na leƙa gefe, farar fitilar ba ta sake haskawa ba. Yatsanta na nan a kai har sai da Madam ta ɗaga mata shi, tana kuka fiye da mu.

Dada ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki aika a gaya wa Bappanku."

Ranar Juma'ar da ta biyo aka yi sallar. Abokinsa ya zo daga Numan, ya tsaya a bakin masallaci har aka idar, kuma shi ya shimfiɗa tabarmin zaman gaisuwa. Madam ta rufe shago ta wuni tana wanke kwanuka a bayan gida.

Dada ta ƙara shekaru kaɗan ita ma ta tafi. Kwamfutar tana cikin akwatina, a jakar nan mai jan zare, tare da cajar da Madam ta ƙi karɓa da na mayar mata. Na yi ta tunani ko mun yi daidai da muka bar ta tana kallon fitila tsawon lokacin nan. Abin da na gane shi ne, da an tilasta mata zaman makoki a farko, da ta zauna da jikinta kawai. Allah ya ba ta ɗan abin riƙewa har ta iya saki da kanta, kuma ya kawo shi ta hannun mutanen da ba masallacinmu ɗaya ba.

Yanzu babbar 'yata tana jami'a, tana da tata laftof. Ni ce nake nuna wa ƙannenta kafar caja da ta abin kunne, suna mamakin inda na koya. Amma in ta rufe murfin ta bar ta a kan kujera, farar fitilar nan tana haskawa tana dushewa, ba na iya zama a falon. Sai in ce ta zo ta kashe ta gaba ɗaya.

"Mama, barci kawai take yi fa."

"Na sani," nake ce mata. "Zo ki kashe dai."