Ranar da na shafe jan fentin hasumiyar teku

Shekarun baya, bayan na bar makaranta, ba aikin da nake wata biyu a kai. Na tura keken alhazai, na yi wankin mota a unguwar Jarwal nan Makka, duk na gudu. Mahaifiyata ta gaji, ta haɗa ni da kawuna mai fenti.

Ya samu aiki a bakin teku, can kudu da Jidda, inda ba gida ko ɗaya. Wata doguwar hasumiya ce ita kaɗai, fara, da jan fenti ya zagaye tsakiyarta, duk ya koɗe. Fanar suke ce mata. Ni ɗan unguwar Tandabawi a Makka, duk hasumiyar da na sani ta masallaci ce. Sau biyu na zaga ina neman masallacin. Na hau matakala mai murɗewa har sama, ba lasifika, sai ƙaton gilashi da fitila a ciki.

Kawu ya koma Jidda ƙaro kaya, ya ce in fara da fari. Na ga jan nan ya yi muni, na ce bari in burge shi. Kwana biyu, na shafe shi tas.

Sai ga wani tsoho masunci yana ɗaga hannu.

"Ya walad! Kai yaro! Wa ya ce ka taɓa jan?"

"Baba, ai ta fi kyau haka."

"Kyau? Amarya ce?"

Ya ce tun zamanin kakansa take nan, da kananzir ake kunna ta, yanzu da hasken rana. Da dare masu jirgi fitila suke bi, da rana fenti. Akwai wata can gaba, fara fat, mashigarta lafiya lau. Wannan kuwa duwatsu ne a ɓoye cikin ruwa gabanta. In suka hango ta ba ja, za su ɗauka waccan ce.

"'Ya'yana biyu na cikin teku, gobe da hantsi za su dawo."

"Ba su da na'ura?"

"Na'urarsu ido."

Allah ya taimake ni kawu ya iso da la'asar, da jan fenti a mota. Ko zagina bai tsaya yi ba, ya ce, "Yalla, hau." Kafin magariba mun mayar. Washegari jirgin 'ya'yan tsohon ya kewaye duwatsun, ya shigo lafiya.

Wallahi har yau ban gama gane yadda ran mutum biyu ya rataya a kan bokitin fenti ba. Amma tun ranar, in na ga abu ya tsufa ya yi muni, kafin in gyara sai na tambaya wa ke kallonsa daga nesa.